An taɓa matsa muku ku ƙara wa ɗalibi maki? Ku zo mu ji

Malamar Lissafi, Kano:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Makarantar kuɗi nake koyarwa. Jiya mai makarantar ya kira ni ofis, ya turo min takardar sakamakon 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, wai jan biro ya yi yawa. Ya ce, "Malama, iyayen nan kuɗinsu suke biya, in suka ga wannan kwashe 'ya'yansu za su yi." Alhali a cikin yaran akwai wanda jadawalin sau bakwai ma bai zauna masa ba. Na ce a ba ni Asabar biyu in yi musu bita kyauta su sake rubutawa, ya ce ranar Alhamis za a raba kati. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ya ƙare.

Tsohon Hedimasta, Zariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Lokacin da muka fito da Gired Tu, wato takardar shaidar malanta ta wancan zamani, sufeto ba ya sanarwa. Sai dai ka ga babur a gindin darbejiya. Ya ɗauki littafin yaro, ya ɗauki rajistarka, ya kira yaron gaban allo. In makin da ka rubuta bai yi daidai da abin da ke kan yaron ba, kai za ka yi bayani. Maimaita aji kuma ba mutuwa ba ce, na san waɗanda suka maimaita aji biyar, yau manya ne. Abin ya fara sakwarkwacewa bayan UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, da azuzuwa suka cika maƙil aka koma tura kowa gaba don a samu benci. Kin tuna 2017 a nan jihar Kaduna, da malaman firamare sama da 21,000 suka kasa kai makin da aka sa a jarrabawar 'yan aji huɗu? Jama'a suka yi ta yi musu dariya. Ni ban yi ba. Da yawansu wani ne ya tausaya musu ya ƙara musu maki tun suna yara, har suka riƙe alli.

Malamin Kimiyya, Bauchi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku fansho kuke ci. Mu albashinmu ko rabin naira 70,000 da aka ce shi ne mafi ƙaranci bai kai ba, kuma ba takardar ɗaukar aiki. Na taɓa ƙin taɓa makin ɗan wani mai hali. Ban ƙara ba, amma da kati ya fito sai na ga 38 ta zama 58 da rubutun wani. Zango na gaba aka ce ba a bukatata.

Uwar Biyar, Gusau:
Ni daga ɓangaren iyaye nake. Babban ɗana tun daga aji ɗaya bai taɓa wuce na biyar ba, har walima mun yi masa. Da ya zauna gaban kwamfutar JAMB, inda ba malamin da ya san babansa, abin da ya samo kunyar faɗa nake. Yaron ya yi kwanaki ba ya fita. Wallahi da an nuna min jan biron nan tun yana aji uku, da na sayar da ɗankunnena na sa masa malamin lesin. Malama, ba duk iyaye ne ke son a yi musu daɗin baki ba. Ba a tambaye mu ba ne kawai.

Mushe (malamin makaranta), Maraɗi:
A nan Nijar bisa 20 muke ba da maki, 10 ce makin tsallakewa. Ƙarshen shekara sai uba ya iske ka har gida, yaronsa na da 9, a taimaka. Ina fito masa da kayen yaron, wato littafin aikinsa, ya duba da idonsa. Wasu su yi godiya, wasu su daina gaishe ka a masallaci.

Malamin Islamiyya, Katsina:
Mu hadda ta hutar da mu, yaro zai zauna gabanka ya kawo, ko ya iya ko bai iya ba, kowa na ji. Duk da haka lokacin sauka ana zuwa a ce a sa yarinya a sahu tunda an riga an ɗinka anko. Nakan karanta musu hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Maki shaida ce, Malama, ke kika sa hannu.

Malamar Lissafi, Kano:
Na gode ƙwarai. Hajiya Uwar Biyar, maganarki na kai wa mai makarantar yau da safe. Ya yarda a bar makin yadda yake, a kira iyayen yara shida da abin ya fi tsanani kafin Alhamis, ni zan yi musu bayani da kaina. Sauran ya ce zai "duba". Biyu daga cikin iyayen sun ce za su zo gobe bayan la'asar, ɗaya ya kashe waya ina cikin magana.