Kebul ne ke jan ƙafa ko wayar ce? Muhawara kan sanya APK a wayoyin gwaji

Mai kula da wayoyi: Maganata ɗaya ce. Duk wanda adb install (umarnin da ke sanya APK, wato fayil ɗin manhajar Android, daga kwamfuta zuwa waya) ke cinye masa lokaci kafin gwajin manhaja ya tashi, ya sayi kebul da hub (na'urar jona wayoyi da yawa a rami ɗaya) na USB 3, magana ta ƙare.

Mai rubuta gwaji: Malam, ban yarda ba. Wayoyi da yawa masu ramin USB-C, cikinsu USB 2.0 ne: 480 Mbps a takarda, wajen MB 30 zuwa 40 a daƙiƙa a aikace. APK mai MB 120 kenan daƙiƙa huɗu zai yi a hanya. In sanyawar na kai daƙiƙa 40, sauran ina suka tafi? A raba aikin biyu, tura fayil da sanya shi, a auna lokacin kowanne: time adb push app.apk /data/local/tmp/, sannan time adb shell pm install -r -t /data/local/tmp/app.apk. Wanda ya fi daɗewa shi ne mai laifi.

Mai haɗa APK: Hajiya ta taɓo wurin. Bayan fayil ya sauka, wayar tana duba sa hannu, Play Protect, mai binciken tsaro na Google, ya yi nasa binciken, dex2oat, mai mayar da lambar manhaja (code) zuwa yaren na'ura, ya sarrafa lambar. Binciken Play Protect ana kashe shi da adb shell settings put global verifier_verify_adb_installs 0, amma a wayar gwaji kaɗai, don Allah. Android 5 da 6 ne suka fi wahalarwa, domin suna sarrafa lambar gaba ɗaya tun wajen sanyawa. Android 7 ya rage wannan.

Mai kula da wayoyi: To ku jona waya goma a hub ɗaya ku gani.

Mai haɗa APK: Nan kana da gaskiya, yallaɓai, sai dai maganin naka bai dace ba. Wayoyin USB 2.0 ko a hub na USB 3 aka jona su, 480 Mbps ɗin nan ɗaya suke rabawa. A rarraba su a ramukan kwamfuta masu kontrola daban (waɗanda ba layin USB ɗaya suke rabawa ba), kuma a rage kayan: bundletool build-apks --connected-device yana fitar da abin da wayar ke buƙata kawai, ba sai an ɗora mata kayan firosesa irin x86 alhali nata arm64-v8a ne ba. Daga Android 11 akwai adb install --incremental, mai barin a buɗe manhaja kafin fayil ya gama sauka, muddin fayil ɗin .idsig na sa hannun v4 yana kusa da APK.

Mai rubuta gwaji: Abin da ya fi damuna shi ne cirewa da sake sanyawa tsakanin kowane gwaji. adb shell pm clear, mai share bayanan manhaja ba tare da cire ta ba, ya wadatar, sai dai yana share izinin da aka bayar, dole a mayar da pm grant. A kula da Appium kuma, manhajar da ke tafiyar da gwaji: in versionCode, wato lambar sigar APK, bai canza ba, yana iya tsallake sanyawa a gwada tsohon APK ba a sani ba. Saitin enforceAppInstall na Appium ke hana wannan.

Mai kula da wayoyi: Kun ci ni a kebul. Amma wayar Xiaomi in ba a kunna izinin sanyawa ta USB ba, INSTALL_FAILED_USER_RESTRICTED za ku gani, wannan kuwa sai an ɗauki wayar a hannu.