Ruwan lagireto: wa ya taɓa sauyawa, kuma yaya ta kaya?

Mai Golf, Gumel: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 4 ina jigilar 'yan kasuwa zuwa Maigatari duk Alhamis, ban taɓa zuba wa motata komai ba sai ruwan rijiyar gidanmu. Makon jiya da tsakar rana allurar zafi ta haura ja, ga lodi har saman mota. Da bakanike ya zare tiyon ƙasa, abin da ya zubo sai ka ce kunun kanwa, ja-ja da ɓarɓashin tsatsa. Wata famfo, wato famfon da ke zagaya ruwa a cikin inji, shi ma ya cinye. Ya ce in koma kulan, wato ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan don lagireto, ni kuwa na taso ina jin cewa na ƙasashen ƙanƙara ne. Don Allah wanda ya gwada ya ba mu labari.

Bakanike, Wudil: Wa alaikumus salam Malam. Abin da ka taso kana ji rabin magana ne. Gaskiya kulan yana hana ruwa daskarewa, wannan kam bai dame mu ba. Amma yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma yana jure zafi. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa. In an haɗa shi rabi da rabi da kulan sai ya kai wajen 107, murfin lagireto mai kyau kuma yana ƙara masa ya wuce 120. Ka tuna zafin Afrilu a nan, da ke haura 40 tun kafin ka tayar da inji.

Ka leƙa cikin butar mai shayi, ka ga farin abin nan da ke daskarewa a gindinta? Shi ruwan rijiya da na burtsatse ke bari a siraran hanyoyin lagireto har su toshe.

Yadda nake yi: sai inji ya huce sarai, in tara roba in zubar da tsohon, in wanke da ruwa mai tsabta har ya fito garau. Bayan na zuba sabo ba na rufewa nan take. Ina barin inji yana aiki, hita a kunne, ina matsa tiyon sama har kumfar iska ta daina fitowa da fanka ta tashi. Iskar nan in ta maƙale, mota za ta ɗau zafi ko da tankin a cike yake. Kuma don Allah kar ka yarda a cire maka tamosta, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, da sunan magani, ɓoye ciwon kawai aka yi.

Direban bas, Ringim: Oga ya faɗi gaskiya kan hucewa. Na taɓa buɗe murfi da tsumma a hanyar Gujungu saboda fasinja na ta faɗa. Tabon yana nan daga wuyan hannu har gwiwar hannuna, sati 3 ban riƙe sitiyari ba.

Baba, Kazaure: Yarana, ni tun zamanin Fijo 504 ruwan sama nake tarewa a randa, in tace in zuba, kuma ban taɓa ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ba. Kuɗin galan guda ba kowa ke da shi ba ranar da ya so.

Bakanike, Wudil: Allah ya ƙara girma Baba. Ruwan sama ya fi na rijiya nesa ba kusa ba, don ba shi da kanwa. Sai dai ba ya hana tsatsa. Mai hali ya zuba kulan, koren nan na da a sauya shi duk shekara 2, kuma kar a gauraya shi da ja ko ruwan hoda. In an je kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano a karanta jikin galan, akwai wanda an riga an sirka, akwai wanda sai ka sirka.

Uwargida, Dambatta: Ni roƙona kan tsohon ruwan kulan da aka zubar ne. Maigidana ya sauya nasa a ƙofar gida ya bar robar a gindin darbejiya. Akuyarmu mai ciki ta sha, kwana 2 tana rangaji ta mutu. Zaƙi gare shi, kuma ƙoda yake lalatawa. Har yau gabana na faɗuwa in na tuna autana yana rarrafe a wurin. A juye shi a jarka a toshe, a ɗaga shi sama.

Mai Golf, Gumel: Na gode ƙwarai, Allah ya mayar da alheri Hajiya. Jiya aka sa sabon wata famfo, sai da muka wanke sau 3 kafin ruwan ya washe. Yau na je Maigatari na dawo da lodi, allura ba ta wuce tsakiya ba.