Masu aikin ƙarfi na Abuja, ƙungiya ta taɓa tsaya muku?

Baban Ummi, Dei-Dei:
Salam 'yan uwa. Wani yaro ɗan Maraɗi ne muke aikin gini tare a Lugbe, sati uku yana ɗaukar kankare a kwano har hawa na biyu, ranar biya ɗan kwangila ya ce in ya ƙara magana zai sa a kama shi tunda ba shi da takarda. A gabana yaron ya naɗe tabarmarsa, tafin hannunsa duk siminti ya cinye, ko kuɗin mota babu. Mu shida muka haɗa masa dubu huɗu. Wallahi har yau abin yana cina. Wa ya taɓa ganin irin haka, kuma ina kuka kai kuka?

Mai Keke, Karmo:
Yallaɓai mu da muke da ƙungiyar ma sai a hankali. Kullum sai na yanki tikiti kafin in ɗau fasinja ko ɗaya, kuma gaskiya ranar da aka kama min keke ciyaman ya bi sawu har aka sako, wannan ban manta ba, amma da na karye wata biyu ina kwance ko sannu babu, matata ce ta sayar da akuyarta. Ni dai a riƙa karanta mana inda kuɗin tikiti yake zuwa.

Maman Sadiƙ, Kubwa:
Mu teloli mata daga adashi muka fara. Da mai shaguna ya ninka mana haya mu 23 muka je masa rana ɗaya, dole ya sassauta. Akwai 'yan Nijar biyu cikinmu, ba wadda ta tambaye su takarda. Ku nemi FIWON, haɗakar ƙungiyoyin masu sana'ar hannu ce.

Ɗalibin Lauya, Gwagwalada:
Baba, barazana ce kawai, rashin takarda ba ya halatta cin gumin mutum. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi kowane mutum yana da damar kafa ƙungiya ko shigarta, bai ce sai ɗan ƙasa ba. Yarjejeniya ta 87 ta ILO, hukumar ƙwadago ta duniya, da Najeriya ta amince da ita ma ta ce babu wariya. Inda gizo ke saƙa shi ne rajistar ƙungiyar ƙwadago, sai kun kai mutum 50, sannan mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, balle mai biyan lebura kullum kullum.

Ɗan Garuwa, Gwagwa:
Ni daga Tawa nake, shekara 7 ina tura kura. Tsoro ne ke hana mu magana malam, tun da ƙasarmu ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 kowa jikinsa ya yi sanyi. Sarkinmu na 'yan garuwa shi ne gatanmu, wata mata ta riƙe min kuɗin jarka 40 shi ya kai ni gun mai unguwa aka biya ni a take.

Baban Ummi, Dei-Dei:
Na gode ƙwarai. Na yi wa leburorinmu magana, Juma'a bayan masallaci za mu zauna mu rubuta sunaye har da baƙin. Ɗana lauya, don Allah ka samu ka zo.