Lambun tsakar gida a bazara: me ke tsira a wajenku?

Maman Ilham, Kano: Assalamu alaikum. Tumatirin da na dasa a buhu tun Disamba ya yi kyau har ƙarshen Fabrairu. Maris na kamawa sai fure ya riƙa kakkaɓewa, ko ɗa ɗaya bai ƙara ɗaurawa ba. Masu lambu a gida, me kuke shukawa kafin damina ta faɗi?

Baban Sadiƙ, Kura: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ciwo ba ne, zafi ne. In rana ta haura digiri 35, dare ma bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya kamawa. Mu ma a Kadawa da sanyin hunturu muke cin moriyarsa. Amma ki ɗaga ganyen ki duba. In kin ga farin tabo mai faɗi a cikinsa kamar an kankare koren, tsutsar sharon ce, wadda ta cinye mana gonaki a 2016. To ki tuge ki ƙone. Latas da kabeji ma a haƙura da su sai Nuwamba.

Anti Bilki, Zariya: Alayyafo da kuɓewa, su ne 'yan bazara. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, da yashi nake cakuɗa shi kafin in watsa, in ba haka ba ya fito a cunkushe. Wajen wata guda kin fara yanka. Kada ki tuge, ki bar gindin, zai sake tofowa. Kuɓewa kuwa ki jiƙa irin ya kwana.

Maman Ilham: Ruwan fa Anti? A wajen 'yan garuwa muke saya.

Anti Bilki: Baho na ajiye inda ake alwala, da ruwan wankin shinkafa. Na wanki dai a'a, omo yana ƙona saiwa. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, sannan ki rufe bakin buhun da busasshiyar ciyawa.

Hajiya Rabi, Maraɗi: Ni dai zogale. Ya kawo ƙugu sai in datse kansa ya yi rassa, kada ya miƙe ya fi ƙarfin hannu. Abin da ya dame ni akuyar maƙwabta ce, ta leƙo sau ɗaya ta bar mini sanduna. Yanzu tsohon gidan sauro na kewaye su da shi, har kaji da ƙadangaru ya hana.

Ɗan Jos: Mu nan tumatir bai san da zancen nan ba, Allah ya ba ku haƙuri.

Baban Sadiƙ: Wani abu kuma, ɗanyen kashin kaji wuta ne. A bari ya ruɓe ya huce kafin a zuba. Kwarkwatar ganye kuma, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Na'a-na'a fa, tana jure wannan ranar?

Anti Bilki: A inuwar katanga, kuma a bokitinta ita kaɗai, don yaɗo take yi ta danne na kusa. Reshe za ki samo a wajen mai ita ki soka a ƙasa mai laima, ba sai kin nemi iri ba.