Wace gada ce wannan a hoton kakana?

Jikan Direba:
Assalamu alaikum. Muna gyaran ɗakin marigayi kakana a Tudun Wada muka tarar da hotuna huɗu a cikin adakarsa. Direban motar katako ne, Bedford, yana ɗauko goro daga kurmi tun kafin 1960. Ɗaya ya tsaya mini a rai: motarsa a bakin wata doguwar gada, ga layin dogo shimfiɗe a tsakiyarta, mata da tasoshin kifi a gefe. Kuma motar a hannun hagu take tsaye. Iyayenmu na nan, don Allah ina ne wannan? Ban taɓa zama na tambaye shi ba, abin yana damuna.

Dattijon Kawo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙansa. Gadar Jebba ce, a kan kogin Kwara. Ta jirgin ƙasa ce tun 1916, a wancan zamanin motoci aron ta suke yi. In jirgi na tafe sai a tsare hanya, a yi ta jira, shi ya sa ciniki ya kankama a bakinta. Na bi ta ina yaron mota. Daga Kaduna sai Birnin Gwari, sai Tegina, sai Mokwa, jar ƙasa da gargada, ƙura har cikin haƙori. A kowane hawa ni ke dirowa da waigi in cusa a bayan taya. Amma abin da ban manta ba ƙauyukan Nufawa ne da asuba: hayaƙi na tashi daga rufin ciyawa, yara na bin mota da gudu suna ɗaga hannu. Mukan yi sallah a gindin mangwaro, a kawo mana ruwa a ƙwarya ba a tambayi daga inda muka fito ba.

'Yar Unguwar Rimi:
Batun hagu ba kuskuren hoto ba ne, ƙanena. Sai a Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙin dama. Mahaifiyata ta ce da sule da sisi suke biyan kuɗin mota, naira sai 1973.

Jikan Direba:
Na gode, Yaya. Baba, bayan gadar a ina kuke kwana?

Dattijon Kawo:
Ilori in dare ya yi mana. In da sauran rana, sai Ogbomosho, Oyo, mu sauka Sabo a Ibadan wajen 'yan'uwa. Duba sauran ukun, in ka ga huhunan goro jibge a ƙofar zaure, turo mini in gani.