Shekarar 1741: da wanne za a fara, Bach, Handel ko Vivaldi?

Auta Hauwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na ga an ce wannan watan shekara ɗaya za mu ɗauka a kiɗan Turai na zamanin Barok mu tsaya a kanta, kuma Kawu ya zaɓi 1741. Ni sabuwa ce a nan. Don Allah da me zan fara? Datata ba ta da yawa, ina son abin da zan sauke sau ɗaya in yi ta maimaitawa.

Kawu Bala: Wa alaikumus salam, Auta, sannu da zuwa. Ban zaɓi shekarar haka kawai ba. Ana lissafa zamanin Barok daga wajen 1600 zuwa 1750, kin ga ke nan 1741 la'asar ɗinsa ce. A cikinta Vivaldi ya rasu a Biyana, Bach ya fitar da *Goldberg Variations* yana zaune a Laifzig, Handel kuma ya rubuta *Messiah* a Landan.

Ki fara da *Goldberg Variations* na Bach, amma kada ki ce sai kin cinye shi a zama ɗaya. Ki saurari ɗan kiɗan farko, wanda ake kira Aria, har kunnenki ya saba, ki riƙa bin abin da hannun hagu yake yi. Sauye-sauye 30 da ke biye duk a kan wannan muryar ƙasa aka ɗora su. Abin da ke sama yana ta canza kama, ita kuwa tana nan. Da zarar kin kama ta ba za ki ɓata ba. Kowane sauyi na uku kuma kora ce: murya ɗaya ta fara, ta biyu ta biyo ta da irin abin da ta faɗa, tazarar da ke tsakanin sautinsu tana ƙaruwa mataki-mataki har zuwa na 27. A ƙarshe Aria ta dawo yadda take.

Malam Sani Tudun Wada: Batun data, Auta, ki nemi wanda Kimiko Ishizaka ta buga da fiyano a 2012. Kyauta aka sake shi, ba haƙƙin kowa a kansa, kina iya saukewa ki tura wa wanda kika so. Bayan shi sai Glenn Gould, shi ma da fiyano. Ya ɗauki wannan kiɗa a 1955, ya sake ɗauka a 1981, shekara guda kafin rasuwarsa. Na farko minti 38 ne da ɗoriya, gudu yake kamar ana binsa. Na biyu ya kai minti 51, kuma za ki ji shi yana rera abin a hankali da bakinsa yana bugawa. Ni na 1981 nake so.

Yaya Bilki: Malam, ka yi haƙuri, ban yarda a fara mata da fiyano ba. Bach ya rubuta a bangon littafin cewa na hafsikod ne, wani kayan kiɗa mai kama da fiyano, mai jeri biyu na maɓallai. Akwai sauye-sauyen da hannuwa ke haye juna, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama, kuma saboda jeri biyun aka tsara su haka. A fiyano sai mai bugawa ya yi ta dabarar kauce wa karon yatsu. Auta, in kin samu intanet na kyauta ko sau ɗaya, ki nemi bidiyon Jean Rondeau a tashar Netherlands Bach Society a YouTube. Ki sa ido a hannuwansa. Hafsikod ba ya dukan tsirkiya da guduma kamar fiyano, tsinkar ta yake yi, shi ya sa kowace murya take fita daban, ba ta narkewa cikin 'yar'uwarta.

Malam Sani Tudun Wada: Gaskiyarki, Hajiya, a wajen hannuwan. Amma sauyi na 25 fa? Uku ne kawai a littafin suke da sautin baƙin ciki, na 15 da na 21 da na 25, kuma shi na 25 a fiyano ya fi taɓa ni. Ta ji duka biyun ta zaɓa.

Auta Hauwa: Na karanta cewa wai wani basarake ne ba ya iya barci, aka rubuta masa *Goldberg* ɗin don a riƙa buga masa da dare. Haka ne?

Kawu Bala: Labarin daga Forkel ya fito, wanda ya rubuta tarihin Bach a 1802, shekara sittin da wani abu bayan fitar littafin. Ya ce basaraken Keyserlingk ne, mai buga masa kuma wani yaronsa Goldberg. Abu biyu ke sa masana ja da baya. Goldberg shekararsa 14 kacal a lokacin, sannan littafin da aka buga a Nurambag ba ya ɗauke da sadaukarwa ga kowane basarake, alhali al'adar zamanin ke nan in an ba ka aiki. Sunan dai ya riga ya bi kiɗan. Abin da ya tabbata shi ne a 1974 an gano kwafin Bach na kansa a Faransa, da gyare-gyarensa, da wasu gajerun kore-kore 14 da ya ƙara da hannunsa a shafin ƙarshe.

Maman Dauda, Jos: Salama gare ku duka. Ni a bar ni da Handel. Mu da muka taso a cikin mawaƙan majami'a, "Hallelujah" muka fara sani tun ba mu san sunan mai shi ba, kowace Kirsimeti sai an sha fama da ita a wajen gwaji. Amma ƙanwata, kada ki tsaya a nan, *Messiah* kashi uku ne kuma ita wannan a ƙarshen kashi na biyu take.

Ku dubi yadda shekarar ta zo wa mutumin nan. A watan Janairu ya fitar da operarsa ta ƙarshe, *Deidamia*, sau uku kawai aka nuna ta. Mutanen Landan sun gaji da wasan da ake rerawa da Italiyanci, ga tsadar mawaƙa da kaya. Yana da shekara 56. Sai Charles Jennens ya kawo masa ayoyin da ya tsamo daga Littafi Mai Tsarki da Turanci. Handel ya zauna a gidansa na titin Brook ya fara rubuta *Messiah* ranar 22 ga Agusta, ya gama ranar 14 ga Satumba. Kwana 24, shafi 259. Ko hutawa bai yi ba ya shiga rubuta *Samson*, a Nuwamba kuma ya tafi Dublin.

Abin da ya fi burge ni ranar da aka fara rera *Messiah* a Dublin ne, 13 ga Afrilun 1742. An roƙi mata kada su sa siket mai ƙarfe a ciki da ke buɗewa, maza kuma su bar takubbansu a gida, don zauren ya ɗauki mutum 700. Kuɗin da aka tara, kusan fam 400, an raba wa asibitoci biyu da fursunonin bashi, mutum 142 suka fito daga kurkuku. Duk lokacin da na ji "Comfort ye" da ke buɗe waƙar sai na tuna da su.

Yaya Bilki: Anti, wane ɗauka kike ba da shawara? Na taɓa jin wani mai ɗaruruwan mawaƙa, kalmomin ba sa fita.

Maman Dauda, Jos: Ki nemi na Dunedin Consort ƙarƙashin John Butt, na 2006. Sun bi tsarin da aka rera a Dublin, da mawaƙa 'yan kaɗan, kina jin kowace kalma. Na Christopher Hogwood na 1980 ma yana da kyau, yara maza ne ke rera muryar sama. Ki saurari "For unto us a child is born" a ɗayansu. Handel ya ɗauko ta ne daga wata waƙar soyayya ta mutum biyu da ya rubuta da Italiyanci a watan Yulin shekarar, shi ya sa take da sauƙin jiki haka. Taron ɗaruruwa yana danne wannan sauƙin. Sai kuma "He was despised", wannan a zaune ake jin ta, ba ana aiki ba.

Ɗan Damagaram: Ina gaishe da manya. An manta da Faransa! A 1741 ɗin nan Rameau ya fitar da *Pièces de clavecin en concerts* a Faris. Kashi biyar ne, kayan kiɗa uku: hafsikod, gogen Turawa ko sarewa, da babban goge da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. A nan hafsikod ne mai gida, sauran biyun rakiya suke yi, saɓanin yadda aka saba. Auta, in Bach ya yi miki nauyi wata rana, ki buɗe kashi na uku ki tafi ƙarshensa wajen "Tambourins", sai kin ji ƙafarki tana motsi. A kashi na biyar kuma akwai "La Cupis", mai sanyi ƙwarai. Na Christophe Rousset nake ji.

Auta Hauwa: Na gode, Yaya. To Vivaldi fa? Ba wanda ya ce in ji komai nasa.

Kawu Bala: Nasa labarin ne mai ciwo, Auta. Limamin coci ne mai jan gashi, ya yi shekaru yana koya wa 'yan mata marayu kiɗa a gidan Pietà da ke Benis, har baƙi daga ƙasashe suna zuwa jin su. Da kasuwarsa ta ja baya a gida sai ya nufi Biyana, inda sarki Charles na Shida ya san shi yana kuma girmama shi. Sarkin ya rasu a Oktoban 1740, aka shiga makoki, ga yaƙin gadon sarautar Ostiriya ya kunno kai. Wa zai kula da baƙon makaɗi? Ya rasu a ƙarshen Yulin 1741 yana da shekara 63, aka yi masa jana'iza mai sauƙi. An kusa mantawa da shi gaba ɗaya sai da tarin rubuce-rubucensa ya bayyana a Italiya a 1926, yanzu suna ɗakin karatu na birnin Turin.

*Four Seasons* da kowa ya sani tun 1725 aka buga shi. Ni *L'estro armonico* na 1711 zan ce ki nema, domin Bach ya zauna da shi yana matashi yana juya shi zuwa nasa kayan kiɗan. Ki ji lamba 10, mai goge huɗu, sannan ki ji yadda Bach ya mayar da shi na hafsikod huɗu daga baya. In kin jera su za ki gane inda Bach ya samo wannan ƙarfin tafiyar da ke cikin sauyi na farko na *Goldberg*.

Malam Sani Tudun Wada: A ƙara da *Stabat Mater* na Vivaldi, da muryar Andreas Scholl. Bai kai minti 20 ba, ba zai ci data ba. Kuma kada a manta Fux, malamin kiɗa, ma a Biyana ya rasu a Fabrairun shekarar. Littafinsa na koyon haɗa muryoyi shi Haydn da Mozart da Beethoven suka yi karatu da shi.

Ɗan Damagaram: A Disambar 1741 kuma wani saurayi Gluck ya fitar da operarsa ta farko a Milan. Kawu, in mun gama wannan watan ina roƙon mu bi shi zuwa 1762.

Kawu Bala: Mu gama da wannan tukuna, ɗana. Ranar Asabar bayan isha'i kowa ya zo ya ji Aria zuwa sauyi na 15. Bilki ta kawo na hafsikod, Malam Sani na fiyano. Maman Dauda, mako na biyu naki ne, ki zaɓo mana waƙoƙi biyar daga kashi na farko.

Maman Dauda, Jos: To, Kawu. Zan turo sunayensu kafin Laraba don masu saukewa da dare.