Wa yat taɓa zuwa Aislan? Ku taimaka min da shawara

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Wurin aikinmu sun sa sunana cikin masu zuwa wani taro na kwana biyar a Rekyabik, babban birnin Aislan, kan yadda suke samun lantarki daga zahin ƙarƙashin ƙasa, watan Yuni za a yi. Ni hwa iyakar tahiyata Makka, ita ma jirgin alhazai ne daga nan Sakkwato. Na duba taswira na ga tsibirin can sama awa ƙarshen duniya, kuma an ce duwatsu na aman wuta, Inna tun da taj ji haka tac ce ban zuwa ko'ina. Biza, sanyi, abinci, komi dai kunka sani ku gaya min.

Buba Hambug:
Wa alaikumus salam. Na je sau ɗaya daga nan Jamus. Bizar Shengen za ka nema, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, don suna cikin Shengen ko da yake ba su cikin Tarayyar Turai, shi ya sa ma kuɗinsu ba yuro ba ne, krona ne. Sai inshorar lahiya wadda ta kai yuro 30,000, da takardar gayyata, kuma ka hwara tun yanzu kar ka bari sai saura sati biyu. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, ka tashi Abuja ko Legas ka sauya a Faris ko Farankfot ko Amsadam, ka bar hanyar Landan don can sai an yi maganar bizar wucewa daban. Hilin jirginsu a Keflabik yake, wajen kilomita 50 zuwa cikin gari, ka hau bas, in ka ɗauki tasi aljihunka zai gaya maka.

Maganar Inna kuma ba ta yi ƙarya ba, tun 2021 wuta ke ɓallewa jehi-jehi a yankin Rekyanes, har anka kwashe mutanen garin Grindabik a Nuwamba 2023, amma Rekyabik na nan mutane na harkarsu. Aman dutsen da yat tsayar da jiragen Turai kwana da kwanaki na 2010 ne, tokarshi ce tac cika sama.

Maman Walida:
Ƙanena duk wanga mai sauƙi ne, abin da ba wanda zai gaya maka sai ka je shi ne sallah. Maigidana ya yi sati biyu can cikin Yuni, ranar hwarko ya kira ni ƙarhe sha ɗaya na darensu yana dariya wai ga rana tana kallonshi bai san ko ya yi magariba ko ya jira ba. Wajen awa 21 rana na waje, tana hwaɗuwa kusan sha biyun dare kahin ƙarhe ukku ta dawo, tsakani ma ba duhu ba ne na gaske, kamar bayan magaribarmu haka, to ina isha'i ina asuba? Malamai sun yi magana kan irin waɗanga wurare, wasu sunka ce a bi lokacin gari mahi kusa da ke da dare da rana sosai, wasu sunka ce a bi na Makka. Ka zauna da malaminka kahin ka tashi, in ka isa kuma akwai masallaci a Rekyabik ka karɓi jadawalinsu, kar ka dogara da manhajar waya kaɗai, tashi sai da ta kira mishi asuba bai gama shafa'i da wutiri ba.

Abinci ka riƙe kihi, shi ad da yawa. Wanga burodi mai dogon nama ciki da kowa ke layi kanshi ka bar shi, ana haɗawa da alade. Ka tahi da garin kunu da yajinka, amma banda kilishi, ba su barin a shiga da nama daga nan.

Sarkin Zahi:
Mutumin da ya saba da zahin digiri 42 a Afrilu za a kai inda bazararsu ba ta cika wuce 15 ba 😂 Allah ya jiƙan maza. Ka biya Tsohuwar Kasuwa wurin 'yan gwanjo tun ba su gane tahiya za ka yi ba.

Buba Hambug:
Gaskiyarshi, amma ba sanyin ba ne matsalar, iska ce da yayyahi, ka nemi riga wadda ruwa bai shiga. In ka buɗe hwamfon ruwan zahi ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai kar ka yi hwaɗa da 'yan otal, daga ƙasa yake hitowa haka, na sanyin kuwa sha abinka. In kun samu yini guda ku je Gaisir, akwai rami da ke tsartuwa da tafasasshen ruwa sama duk bayan 'yan mintoci. Hasken nan kore da ke hitowa sama da dare a ƙasashen can dai ka cire rai, sai da duhu ake ganinshi, Satumba zuwa Afrilu.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti don Allah ki tambayar min Alhaji wane lokacin yab bi ƙarshe, na Makka ko na masallacin. Inna kuma ta ce sai Buba ya kira ta da bakinshi.